Lorraine da Gefen Jirgi

Ni da Lorraine Heikkinen mun daɗe muna aiki tare a kicin ɗin makarantar firamare ta Kivi Harbor, ita a kan tukwane, ni a kan rabo. Don haka in na ce na san ta, ba sanin shanu nake nufi ba. Na san yadda take murza ƙullu kamar mai jin haushinsa, na san ba ta iya riƙe mutum a zuciya ba. Na kuma san daga lokacin da ƙanƙara ta saki bakin tafki har zuwa lokacin da za ta sake kama shi, kowace safiya sai ta shiga ruwa kafin ta zo aiki. Takan iso da jiƙaƙƙen gashi, leɓe ya yi shuɗi, ta kunna wuta tana waƙe-waƙenta. Ni kuwa ban iya iyo ba, ban kuma taɓa sha'awar koya ba. Ruwan Tafkin Superior ko a tsakiyar bazara ba abokin wasan mai hankali ba ne.

A wurin marigayiya Aili Koskela ta koya. Aili ita ce mace ta farko da ta yi iyo daga bakin garinmu har Tsibirin Hankaka, tun iyayenmu suna 'yan mata, lokacin da masunta ke zama a tashar jirage suna cewa ƙashin mace ba zai ɗauki wannan sanyi ba. Da ta tsufa sai ta koma koya wa yaran gari iyo, tana tsaye a bakin ruwa da sanda tana yi musu tsawa. Ita ta dasa wa Lorraine dokar masu ƙetare ruwa: jirgi zai raka ka, amma hannunka ba ya taɓa shi. Abinci ma a kan igiya ake jefa maka. Ka kuskura ka dafa gefen jirgi, ko da yatsa ɗaya ne, tafiya ta ƙare.

Kowa a garin ya ɗauka Lorraine ce za ta gaji Aili. Ta auri Toivo mai jirgin kamun kifi, ta haihu, yara suka girma suka kama gabansu, tsibiri yana nan inda yake. Bana ta ce ruwa ya cika sanyi. Baɗi ta ce bikin 'yarta Kaisa. Wata shekarar kuma kafaɗa. Mutane sukan gyaɗa kai su ce ai uzuri ne, ni kuwa da muke wanke tukunya ɗaya na san ba haka ba ne. Ba ruwa take tsoro ba. Abin da take tsoro shi ne ta kai tsakiya, ƙarfi ya ƙare, ta miƙa hannu ta kama jirgi gari yana kallo. A wurinta, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai wata jar tukunyar alama da ke yawo a bakin mashigar jirage, to nan ne iyakarta, tana kaiwa take juyowa.

Ta haura hamsin, kafaɗar da ta daɗe tana fakewa da ita ta fara ciwo da gaske. Likita ya ce ta yi abin da za ta yi da ita yanzu, don ba za ta jira ta ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Ina ganin mace da baiwa irin wannan za ta tsufa tana hangen tsibiri ta tagar kicin, in na yi magana ta ce, "Doreen, miƙo min gishiri."

Ana nan sai ga 'yan fim. Wai za su yi fim a kan rayuwar Aili. Shugabarsu wata yarinya ce daga California, Renata Solis, 'yar firit da ita, tana yawo da riguna uku a watan Yuli tana rawar ɗari. Jarumar da suka kawo kyakkyawa ce, kuma an ce ta iya iyo, amma a ruwan ɗumi na otal. Ranar da ta tsoma ƙafa a tafki, ihun da ta yi har karen Toivo sai da ya shige ƙarƙashin mota. Nan aka gane sai an yi aron jiki: a sami wadda za ta yi iyon, ita kuma jaruma ta ba da fuska. Ba a wahalar da kai wajen nema ba, duk wanda suka tambaya gidan Lorraine yake nuna musu. Suka yi hayar jirgin Toivo, suka sa shi ya shafa masa fenti, jirgin ya koma kamar na zamanin kakanni. Ni aka ba ni riƙon barguna da fulas ɗin gahawa, tunda ba ni da wani amfani a ruwa.

Na shiga fim ɗin nan da niyyar in ƙi Renata, don na tsani baƙon da zai zo ya koya maka labarin gidanku. Amma yarinyar ba ta ba ni dama ba. Rannan ta zauna a kicin ɗina tana cin burodin nan namu da muke cusa wa nama da dankali, sai na tambaye ta yadda za su tattara rayuwar mutum guda su zuba a cikin abin da bai kai tsawon zaman coci biyu ba.

Ta ce, "Anti Doreen, fim irin wannan kamar teburin nan ne, ƙafa huɗu gare shi. Ta farko, a nuna yarinya da ruwa, yadda suka shaƙu. Ta biyu, a kawo masu hana ta, uba ne, limamin coci ne, tsofaffin bakin tasha ne. Ta uku, a tsakiya, sai ta gwada ta faɗi. Ta huɗu ta tashi."

Na ce, "In ba ta faɗi ba fa?"

"To tebur ya karkace. Wa zai bar aikinsa ya je kallon wadda ba ta taɓa faɗuwa ba? Ai ba a san nauyin abu sai an ga ya kayar da mutum."

"Ke dai kin iya tsara magana. Wato za ku ƙaga wa Aili faɗuwa ke nan."

"Haba Anti, ba sai mun ƙaga ba. Karon farko ba ta kama jirgi a tsakiya ba?"

Gaskiya ta faɗa. Aili ta kama jirgi a gwajinta na farko, sai shekarar da ta biyo ta ƙetare. Kowa a Kivi Harbor ya san haka, amma ba ma faɗa. In muna ba jikoki labari, daga tsofaffin bakin tasha sai mu yi tsalle mu dira a tsibiri.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a jere suke ɗauka ba. Da ƙarshe suka fara, wai don sun sami rana mai kyau. Aka kwashi gari kaf zuwa tsibiri, kowa ya sha kayan kakarsa, maza da huluna masu malfa, mata da doguwar riga mai warin akwati. Aka sauke Lorraine a ruwa ɗan nesa da gaɓa, inda yaro ma zai iya jifa ya kai. Ta yi iyo ta iso, ruwa na kaiwa gwiwa Renata ta daka tsawa a tsaya. Lorraine ta koma gefe, jaruma ta shiga ta durƙusa, aka watsa mata ruwan ɗumi a ka, ta miƙe tana murmushi da jan baki, mu kuma aka ce mu yi ta ihu da tafi. Muka yi har muryoyinmu suka dushe. Da aka tashi, mutane suka yi ta tsokanar Lorraine.

"Kai, yau dai an ƙetare!"

"Ashe tsibirin kusa ne, Lorraine, kika bar mu muna jira shekara da shekaru!"

Ta yi dariya tare da su, amma kunnuwanta sun yi ja. A jirgi da muke komawa, gahawar da na zuba mata ma a hannunta ta huce.

Sai ranar ƙafa ta uku ta zo. Gari ya wayi da gajimare, ruwa ya yi launin toka, Renata sai murna take wai ta sami irin ranar da take so. Muka fita har daidai jar tukunya. Ta sunkuya a gefen jirgi ta yi wa Lorraine bayani: ta taho a hankali kamar wadda ta galabaita, ta matso, ta ɗaga hannu ta kama gefen jirgi. Hannun kawai ake so, fuskar kuka ta jaruma ce, za a ɗauke ta daga baya a kan tudu.

Lorraine ta ce, "To."

Ta taho kamar yadda aka ce, har ni da na san wasa ne sai da gabana ya faɗi. Ta matso, hannu ya ɗago, saura kaɗan ya sauka a kan katako, sai kawai ya koma cikin ruwa, ta ja ta wuce jirgin. Renata ta ce a sake. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, hannun nan ya ƙi. Ba taurin kai take yi ba, ina ganin fuskarta, ita kanta haushin kanta take ji. Hali zanen dutse. Hannun da aka yi shekara da shekaru ana hana shi abu, ba a wuni ɗaya zai koya ba.

Toivo ya leƙo daga wurin tuƙi ya ce, "Tsohuwa, jirgin nan fa ba ya cizo. Ni da kaina na shafe shi."

Ta tofar da ruwa ta ce, "Rufe mana baki, kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka."

Masu kyamara suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Sanyi ya fara shiga jikin kowa, wani mai gemu a cikinsu ya ce a kawo wata mana, hannu ai hannu ne. Ni ma ya kalle ni. Na ce masa ya kalli gabansa.

A nan ne na san Renata ta san aikinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon Lorraine da ke ta motsa ƙafa a ruwa, sannan ta ce, "Anti, na gane. Ba za ki iya yin na ƙarya ba. To mu bar wasa. Ki miƙe ki yi ta tafiya, mu za mu bi ki. Duk inda kika gaji da gaske, ki kama."

Lorraine ta dubi jar tukunya, ta dubi ruwan da ke bayanta, wanda ba ta taɓa shiga ba. Ta gyara tabaran ruwanta ta miƙe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, na dai san gahawa ta ƙare, mai gemu ya yi amai har ya koma fari fat. Garinmu ya yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har hasumiyar coci ta koma kamar tsinken sakace. Ita kuwa hannu na tashi, hannu na sauka, ba sauri ba jinkiri. Toivo ya daina zolaya. Ka tuna matar nan tun safe take cikin ruwa, ba ta shirya wa doguwar tafiya ba, ba ta ci wani abin kirki ba. Can da muka kai inda gari da tsibiri suka yi nisa ɗaya, sai na ga hannun hagu ya fara gazawa. Tana ɗaga shi yana faɗowa a gajere. Ta tsaya, ta sake gwadawa, igiyar ruwa ta mare ta a fuska. Sai ta juyo ta nufo mu a hankali. Hannun ya fito daga ruwa, fari, duk ya yamutse, ya kama gefen jirgi ya riƙe gam.

Muka jawo ta, na lulluɓe ta da duk bargon da ke hannuna. Haƙoranta na kaɗawa, hawaye na zuba, amma ba ni take kallo ba, tafin hannunta take kallo.

Ta ce, "Shi ke nan? Abin ke nan?"

Na ce, "Da me kika zata? Sama za ta faɗo?"

Ta waiga ta hango inda gari yake, ta daɗe tana kallo. Renata ta matso ta riƙe ɗaya hannun, ita ma idonta ya cika.

Da yamma muka shiga ɗakin suracen da ke bayan gidansu, kamar yadda muka saba duk ranar da ta daɗe a ruwa. Na watsa ruwa a kan duwatsu, turiri ya tashi ya rufe mu. Sai na ji muryarta ta ce, "Doreen, baɗi za ki riƙe min igiya?"

Na ce, "Ni da ban iya iyo ba?"

"Ba iyo na ce ki yi ba, uwar tsoro. Jifa kawai."

'Yan fim suka tattara suka tafi. Lokacin sanyi ya zo, ta koma yin iyo a wurin wankan babbar makaranta da ke garin gaba, ta je ta dawo, ta je ta dawo, kafaɗa na ciwo tana shafa magani. Fim ɗin ya fito, aka nuna mana shi a zauren makaranta. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ƙafafun nan huɗu duk sun zauna daram. Da aka zo wurin da hannu ya kama jirgi, ya cika bango kamar ƙofa, har tsofaffin da ba sa son a tuna da wannan wurin na labarin suna share ido. Fuskar wata ce ta biyo baya tana kuka, amma duk wanda ya taɓa karɓar faranti a kicin ɗinmu ya san mai wannan hannu.

A watan Agusta muka fita, gari na wayewa. Ba kyamara, ba kayan kakanni. Daga ni sai Toivo a jirgi, na ɗaure rigar ceto har wuya, ga gorar kunun 'ya'yan itacen jeji mai ɗumi a ɗaure da igiya. Kafin ta shiga ruwa ta tsayar da mu ta ce, "Ku ji da kyau. In Allah ya kai ni, kada wanda ya taɓa ni sai na fita daga ruwa gaba ɗaya da kaina. Ko faɗuwa na yi. Toivo, da kai nake."

Ya ce, "Ni ina ruwana da ke? Kifi na fito nema."

Rabin farko ya tafi lafiya. Ina jefa gora, ta sha tana kwance a bayanta, ta saki, in jawo. Bayan azahar iska ta juya, ruwa ya fara tura ta gefe, ta yi ta ja amma tsibiri ya ƙi matsowa. Kafaɗar hagu ta fara halinta. Akwai lokacin da igiyar ruwa ta kawo ta dab da jirgi, har ina ganin jijiyoyin idonta ta cikin tabarau. Ta dubi katakon nan, na dube ta. Ban ga tsoro a fuskarta ba, kallonsa ta yi kamar yadda ake kallon maƙwabci.

Ta ce, "Toivo, matsar da jirginka, ƙarnin kifi na tayar min da zuciya."

Ya matsar.

Rana ta yi sanyi kafin mu iso. Mutane kaɗan ne a tsibirin, Kaisa da mijinta da wasu maƙwabta da suka biyo a ƙananan jirage. Gaɓar duk duwatsu ne masu santsi. Lorraine ta iso inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafun suka ƙi. Ta faɗi. Ta sake yunƙurawa, ruwa ya ja ta baya, gwiwarta ta bugi dutse, jini ya fito. Fuskarta ta kumbura har da ƙyar ake gane ta. Kaisa ta toshe baki da hannu biyu.

Ban ankara ba sai na ga Toivo ya dira cikin ruwa da takalmansa ya nufe ta. Ban san lokacin da na bi shi ba, ni da ko kogin da ya kai idon sawu ba na shiga. Ruwan ya kai min ƙugu, sanyinsa kamar wuƙa. Na cafki ɗamararsa ta baya na ja da duk ƙarfina.

Na ce, "Ka taɓa ta, na rantse sai na nutsar da kai a nan!"

Ya ce, "Doreen, sake ni, matata ce. Ba ki ga jini ba?"

"Na gani. Tsaya."

Ya tsaya. Ƙaton mutum kamar bishiya, yana tsaye cikin ruwa yana kuka kamar yaro, ni ina riƙe da shi ina nawa kukan. Duk rayuwata ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, in tsaya ina kallon ƙawata tana rarrafe a kan duwatsu, hannuna biyu lafiya lau amma ba na miƙa mata. Ta ja gwiwa ɗaya, ta huta, ta ja ɗayar. Igiyar ruwa ta biyo ta ta lashi ƙafarta, ta ƙara ja. Haka ta yi ta yi har ta kai kan busasshen yashi, inda ruwa ba ya kaiwa, ta kife a wurin tana numfashi.

Babu wanda ya tuna da tafi. Toivo ya fita daga ruwa a hankali, ya tsaya a kanta bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

Ya ce, "Tsohuwa, yanzu fa? An yarda?"

Ta juyo da kai da ƙyar, ta ce, "Toivo, ina jin sanyi."

Duk tsawon zamanmu ban taɓa jin wannan magana daga bakinta ba. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya zauna a kan yashin ya rungume ta, ni kuma na koma jirgi ɗauko barguna.